Murfi mai zamiya ko mai ɗagawa: wanne ya fi a RV-7?

Injiniya: Assalamu alaikum. Na iso kan murfin gilashin da ke rufe mazaunin matuƙi a RV-7, ƙaramin jirgin saman da nake haɗawa a garejina nan Hustan, jihar Tekzas. Van's, kamfanin da ke sayar da kayan haɗa shi, suna ba da zaɓi biyu, wanda ake turawa baya a kan dogo da wanda ake ɗagawa sama. Ni mai zamiya na ɗauka, kuma ina nan a kan bakana: wanda ke garin zafi ya zaɓi mai ɗagawa, kansa ya cuta.

Kyaftin: Wa'alaikumussalam. Ka cika saurin yanke hukunci, Injiniya. A mai zamiya, baƙin ƙarfen kariya a gabanka yake, ga sandar da ke tokare shi ta raba maka gilashin gaba biyu. A mai ɗagawa ƙarfen yana bayan kujeru, ba abin da ke tare maka ido.

Injiniya: Yallaɓai, ka taɓa jiran layin tashi a Tekzas a watan Yuli? Minti goma a rufe, riga ta jiƙe sharkaf. Ni in ja murfi baya, in ɗora gwiwar hannu a gefe, farfela na yi mini fifita.

Kyaftin: Ran da waya ta tsinke a bayan allon na'urori za mu gani. Za ka kwanta rigingine a ƙasan jirgi, ƙafafu a kan kujera, tocila a baki. Ni ɗaga murfi kawai zan yi in leƙa.

Injiniya: Ka ɗaga bayan an yi ruwa, ya tsiyaye maka kan rediyo.

Baban Hanifa: Ku tsaya, ba a can gizo ke saƙa ba. Kafin zafi da kallo, sai ka tsallake babban yanka. Gilashin fa roba ce, guda ɗaya yake zuwa, kai za ka raba shi biyu, na gaba ya zauna daram, na baya ya hau firam. Ni a nan Kanada na taɓa nawa cikin sanyi, gareji bai ɗumama ba. Ina huda rami na ji ƙas, tsaga ta tafi kusan taki guda. Wallahi kwana biyu ban shiga garejin ba. Ka ɗumama ɗakin sosai, ka yanka da faifai, kada zarto ya kusance shi, ka goge bakin ya yi sumul kafin ka ɗaga. Na biyun ma ban huda ba, da wani gam mai suna Sikaflex na manna.

Kyaftin: Ga kuma firam ɗin bututun ƙarfe, sai ka yi ta lanƙwasa shi kafin ya bi jikin jirgi.

Baba na Kaduna: 'Ya'yana, sannunku da fama. Jirgin Air Beetle da sojin samanmu suka koyi tuƙi da shi daga RV-6A, wani jirgin na Van's, aka samo shi, guda 60, a nan Kaduna kamfanin AIEP ya haɗa. Wanda ya san ranar Kaduna a watan Maris ba zai raina maganar Injiniya ba.

Injiniya: Allah ya ƙara girma, Baba. Baban Hanifa, da ka manna, tazarar nawa ka bari tsakanin gilashi da ƙarfe? Asabar nake son yin yankan.

Baban Hanifa: Ɗaga zuwa wata Asabar ɗin. Turo mini hoton firam ɗin a kan dogo tukuna.