Agogon alam mai nuna yanayin ɗaki, wanne zan saya?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema kan agogon nan na tebur mai alam wanda yake nuna zafi ko sanyin ɗaki. Ina da jariri ga hunturu ya kama, kun san dai sanyin Jos da asuba, to ni na kasa gane ko ɗakin ne ya yi sanyi da yawa ko ni ce nake lulluɓe shi fiye da kima don wani lokaci sai in taɓa wuyansa in ji gumi. Kuma maigida yana so mu daina dogara da waya wajen tashin asuba saboda in ba wuta caji ƙarewa yake. Na ga kala biyu a kasuwar Terminus, mai jan rubutu mai haske da mai baƙin rubutu kamar na kalkuleta.

Injiniya Bukuru:
Wa alaikumus salam hajiya, Allah ya raya. Ki ɗauki mai baƙin rubutun, LCD kenan, batir AAA yake ci kuma yana yin watanni. Mai hasken nan LED ne, yawancinsu sai an jona su da USB kullum, batirin da ke ciki lokaci kawai yake riƙewa, da an ɗauke wuta fuskar ta mutu, wasu ma alam ɗin ba zai buga ba. Ki sa mai shagon ya zare wayar a gabanki ki gani da idonki. Ki duba kuma akwai maɓallin C/F a baya, mai sauya ma'aunin zafi tsakanin Celsius da Fahrenheit, in kin ga ya rubuta 68 kar ki tsorata Fahrenheit ne, 20 kenan a namu lissafin na Celsius.

Anti Rabi Rayfield:
Maman Hanif nawa irin wanda Injiniya ya faɗa ne, in an taɓa samansa yana kawo ɗan haske da daddare. Amma abin da ba sa gaya miki shi ne inda kika ajiye shi nan kawai yake aunawa, in kin sa shi jikin taga zai nuna sanyi fiye da na kan gado, in kin sa kusa da cajar waya ko fitila sai ya hau, ki ɗora shi kan durowa kusa da inda yaron yake kwana ki bar shi ya ɗan jima kafin ki yarda da lambar. Yana iya kuskure da digiri 1 ko 2, ba na asibiti ba ne, kuma ba ya auna zazzaɓi fa, ki ci gaba da taɓa ƙirjin yaro da bayan wuyansa. In kin samu mai nuna danshin iska da alamar % ki ƙara kuɗi ki ɗauka, lokacin nan iska bushewa take sosai hancin yara ya toshe.

Sani Katako:
Ni dai gargaɗina kan na gwanjo ne masu jona wa soket. Na Amurka 110V ne wutarmu kuma 230V, jonawa ɗaya ya ƙone. Ko kin sa masa taransfoma wasunsu da bugun wuta 60Hz suke ƙirga lokaci mu kuma 50Hz muke, sai ya riƙa yin baya da minti 10 duk awa, asuba ta wuce ku kuna barci. Ki juya shi ki karanta rubutun ƙasansa kafin ki biya.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Mai batir ɗin zan ɗauka in sha Allah. Anti Rabi ƙarar naki tana da ƙarfi kuwa? Don maigidan nan barcinsa nauyi ne da shi, kuma ba na so ta riƙa firgita yaron.