An yi wa Baba aikin baya a Yawunde, me za mu tanada kafin ya dawo Garwa?

Sa'adatu (Garwa): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. An yi wa mahaifinmu tiyatar baya a Yawunde makon jiya, an kuma sallame shi, yana gidan ƙaninsa a Birikitari. Likita ya ce hanyar da jijiyoyi ke bi a cikin ƙashin baya ce ta tsuke, wajen da suka rubuta L4-L5, aka cire ɗan ƙashin da ya danne su. Kafin aikin, daga gida zuwa masallaci sai ya zauna a hanya, ƙafafu su yi nauyi su mutu. Yanzu ya ce ƙafar ta yi sauƙi, amma kwankwason yana nan yana ciwo, shi ne hankalinsa ya tashi, yana cewa ko aikin bai yi ba. Tela ne, shekarunsa sun haura 60. Wanda ya san wannan lalura ya taimaka mana: yaya za mu dawo da shi, me za mu gyara a gida, me zai kiyaye?

Hajiya Mairo (Kusiri): Wa alaikumus salam. Sannunku da jinya 'yata, Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Alhaji Ɗanladi (Ngaundare): 'Yata, irin aikin nan aka yi mini shekarun baya, bayan na daɗe ina tuƙa babbar mota. Ki gaya wa babanki ya kwantar da hankalinsa. Aikin nan don ƙafa ake yin sa, don mutum ya iya tsayuwa da tafiya. Kwankwaso kuwa an yanka nama an ture shi gefe kafin a kai ga ƙashi, dole ya yi tsami. Ni har yau idan na daɗe a zaune bayan yana yi mini magana, amma ina zuwa kasuwa da ƙafata in dawo, abin da a da ba na iyawa. Da wannan zai auna, ya ga nisan da yake iya takawa yau da wanda yake takawa bara.

Usmanu kine, ma'aikacin gashi da motsa jiki na asibiti (Garwa): Alhaji ya faɗi gaskiya. Bari in ƙara bayani kaɗan, domin idan Baba ya gane abin da ya faru a jikinsa zai fi haƙuri. Da shekaru suka ja, faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya yana bushewa ya lotsa, gaɓoɓin su yi kauri, tantanin da ke cikin ramin ma ya yi kauri, sai hanya ta ƙuntata. Miƙewa tsaye yana ƙara matse ta, sunkuyawa gaba yana ɗan buɗe ta. Shi ya sa masu wannan ciwo za ka ga suna jin daɗin zama ko jingina da baro, har wani ya tuƙa keke lafiya lau amma ya kasa tafiyar ƙafa. Jijiyar da aka daɗe da dannewa kamar tiyon ban-ruwa ce da dutse ya kwana a kai, ko an ɗaga dutsen ba nan take take komawa daidai ba. Zafin da ke sauka ƙafa yakan riga tafiya. Mutuwar ƙafa da rashin ƙarfi su ne ke jan lokaci, wata da watanni, wani har shekara, wani kuma ɗan abin ya zauna masa. Gara a faɗa masa wannan tun yanzu.

Tambaya ɗaya Sa'adatu: an sa masa ƙarfe da ƙusoshi, ko buɗe hanyar kawai aka yi? Dokokin sun bambanta.

Sa'adatu (Garwa): Yaya Usmanu, babu ƙarfe. Na tambayi Kawu, wanda Baba yake gidansa, ya duba takardar, ya ce buɗewa kawai aka yi.

Usmanu kine (Garwa): To alhamdu lillahi, nasa ya fi saurin warkewa. Makonni shida na farko abu uku zai kiyaye: kada ya sunkuya daga ƙugu, kada ya murɗa jiki, kada ya ɗauki abin da ya wuce kilo biyar ko kusa da haka. Buta cike da ruwa ba laifi, bokiti a'a, jika ma kada a miƙa masa ya ɗaga. Tashi daga gado: ya juya gefe gaba ɗaya, kafaɗa da ƙugu tare, ya sauke ƙafafu, ya tura da hannu ya zauna. Sannan tafiya. Ba ni da maganin da ya kai tafiya. Kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, a tsakar gida tukuna, daga baya ƙofar gida, daga baya masallaci. A Garwa ku zaɓi bayan asuba da bayan magariba, kun san zafinmu, watan Maris da Afrilu yana haura digiri 40.

Hajiya Mairo (Kusiri): Ni kam mamaki nake. Mutumin da aka yanka a baya a ce ya yi ta yawo? Ai da na ɗauka kwanciya zai yi wata guda cur.

Bilkisu nas (Marwa): A'a Hajiya, doguwar kwanciya ita ce ke lalata su. Nama ya saki, ciki ya ɗaure, jini ya iya daskarewa a jijiyar ƙafa. A asibiti ma washegarin aiki ake tayar da su idan babu wata matsala.

Sa'adatu, ki rubuta waɗannan ki manna a ɗakinsa. Idan kun ga ɗaya daga ciki, asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, ba a jiran gari ya waye: zazzaɓi tare da ɗinki ya yi ja ko yana fitar da mugunya, ruwa fari tas yana ɗiga daga ɗinkin, ga ciwon kai da ke tsananta idan ya miƙe ya lafa idan ya kwanta, fitsari ya ƙi fita ko ya zubo bai sani ba, haka bayan gida, tsakanin cinyoyi da mazaunai su mutu, ƙafa ta ƙara rauni yana jan ta, sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya. Maganar fitsarin nan dattawa suna jin nauyin faɗa wa 'ya mace, don haka ki sa wani namiji a gidan ya riƙa tambayarsa. Kuma a nan kowane zazzaɓi cewa muke maleriya ce. Wanda aka yi wa aiki, a gwada jini, a kuma buɗe ɗinkin a duba. Zare yawanci tsakanin kwana 10 zuwa 14 ake cirewa. Idan yana da ciwon suga a kula da shi sosai, yana hana rauni haɗewa.

Alhaji Ɗanladi (Ngaundare): Maganar dawowa. Kada ku yi gaggawa, ya bari a cire zare likitan da ya yi aikin ya gan shi tukuna, shi zai ba da izinin tafiya. Idan da hali, jirgin sama zuwa Garwa ya fi. Idan babu, jirgin ƙasa na dare daga Yawunde zuwa nan, ku kama masa ɗaki mai gado, gadon ƙasa ba na sama ba. Idan ya sauka ya kwana nan Ngaundare ya huta, gidana a buɗe yake. Daga nan zuwa Garwa ya fi kilomita 250, ga gangaren dutsen nan da kwanoninsa, don haka ku samu ƙaramar mota ya zauna gaba, a ɗan kwantar da kujera, a tsaya duk bayan awa ɗaya ya fito ya taka. Kada ku cusa shi a bayan bas. Kuma ku karɓo komai: hoton IRM (hoton cikin baya da na'ura ta ɗauka), takardar bayanin aikin, takardar magani. Duk likitan da zai gan shi a Arewa su zai fara tambaya.

Sa'adatu (Garwa): Allah ya saka da alheri Baba Alhaji, zan gaya wa Kawu ya kira ka.

Abba (Njamena): Wanda ba a ambata ba shi ne bayi. Mahaifiyata da aka yi mata nata, abin da ya fi wahalar da mu ke nan, domin tsuguno ba ya yiwuwa. Kafinta muka sa ya yi mata kujerar katako mai rami a tsakiya, mai hannu biyu, tsayinta daidai gwiwa, aka ɗora a kan masai. Wasu kujerar roba suke hudawa, amma tana zamewa a kan siminti mai ruwa, ban ba ku shawara ba. Wanka ma a zaune a kan kujera mai tsayi, bokiti a kan wani abu yadda ba sai ya sunkuya ba. Ku ɗaga masa gado idan katifarsa a ƙasa take.

Hajiya Mairo (Kusiri): Katifa kuma? Mu dai mun taso ana cewa mai ciwon baya tabarma ko allo.

Usmanu kine (Garwa): Hajiya, an gwada wannan. A 2003 an yi bincike a Sifen kan masu daɗaɗɗen ciwon baya, waɗanda suka kwana a katifa mai matsakaicin tauri sun fi samun sauƙi a kan masu katifa mai tauri sosai. Wadda ta lotsa a tsakiya ita ce za a jefar. Ya sa matashi tsakanin gwiwoyi idan ya kwanta a gefe, ko a ƙarƙashinsu idan rigingine ya yi.

Malam Hamidu (Garwa): Assalamu alaikum. Na san abin da zai fi damun dattijo irinsa shi ne salla. Ki gaya masa addini ya yi masa sauƙi. Hadisin Imrana ɗan Husaini yana cikin Bukhari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya yi salla a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kan gefensa. Ya zauna a kujera, ya yi nuni da ruku'u, ya ƙara sunkuyar da kai kaɗan a sujada. Alwala ma a zaune, a taimaka masa da wanke ƙafa. Kada kunyar mutanen sahu ta sa ya kai goshi ƙasa kafin likita ya yarda.

Sa'adatu (Garwa): Allah gafarta Malam, wallahi kamar ka sani. Kawu ya ce jiya ya same shi yana ƙoƙarin sujada. Idan ya dawo zan roƙe ka ka zo ka faɗa masa da bakinka, ya fi jin maganarku.

Sani (Gidar): Yaya Sa'adatu, ni roƙona ɗaya ne, ku tsare shi daga tiramol na bakin titi. Wana ciwon baya ne ya fara sa shi sha, don ya iya yini a kan babur yana kilando, wato acaɓa. Daga ƙwaya ɗaya ya koma ba ya iya tashi sai da ita, ranar da jijjiga ta kama shi a kan hanya Allah ne ya tsare. Har yanzu muna fama. Masu zuwa dubiya za su zo da ƙulle-ƙulle, kowa ya ce nasa ne mai kyau. Ku karɓa ku yi godiya, kada ya sha.

Bilkisu nas (Marwa): Sannu Sani, Allah ya yaye masa. Tiramol ɗin, wato tiramadol, magani ne na gaskiya, likita yakan rubuta shi na ɗan lokaci bayan aiki, kuma iyakar shansa miligiram 400 ne a yini. Na kan tebur akwai mai 225 a ƙwaya ɗaya, biyu kawai sun ƙetare iyaka, ba ka ma san abin da ke ciki ba. Farasitamol shi ma yana da iyaka, giram huɗu a yini ga babba mai lafiyar hanta, wato ƙwaya takwas ta 500, dattijo kuwa gara ya tsaya ƙasa da haka. Dikulofenak da ibufurofen suna aiki, amma suna cin ciki, suna taɓa ƙoda, suna tayar da hawan jini, balle a zafin nan da mutum ba ya shan ruwa isasshe. Haɗin da ake ƙullawa a leda na ciwon jiki sau da yawa akwai maganin da ake kira dekisa a ciki, mai kumbura fuska ya tayar da suga. Magungunan ciwo suna ɗaure ciki, yunƙuri kuma yana tayar da baya, don haka a yawaita masa ruwa, gwanda, miyar kuɓewa da zogale.

Hajiya Mairo (Kusiri): To ni shekara da shekaru ina fama da kwankwaso, ba a yi mini aiki ba. Abin da ke riƙe da ni gashi da ruwan ɗumi, tausa da man kaɗanya, wani lokaci wanzami ya yi mini ƙaho, sai ɗamarar baya da nake ɗaurawa kullum. Ba zan ce ba su yi mini amfani ba.

Usmanu kine (Garwa): Hajiya, gashi da tausa ban hana ki ba, ki ci gaba. Shi ma Baba zai iya bayan ɗinki ya warke sarai, a gefe ba a kan tabon ba, ruwan kuma a gwada da hannu domin fatar da ta mutu ba ta jin ƙuna. Amma ƙaho, tsaga, sakiya, ko mai ɗori ya taka masa baya, kada a kusanci wurin da aka cire ƙashi. Ɗamara kuwa, idan likitansa ya ba shi ya sa iya lokacin da aka ce. Ke kuma Hajiya ina so ki fara rage ta. A ƙarshen 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan daɗaɗɗen ciwon baya irin naki, ba ta goyi bayan ɗamara ba, motsa jiki ta sa a gaba. Ki fara cire ta da safe ki yi tafiya, ki riƙa ƙara lokacin. Naman ciki da na baya su ne ya kamata su riƙe ki.

Sa'adatu (Garwa): Saura shago. Na san shi, yana sauka zai ce a kai shi kan keken ɗinki, ga ɗinkin mutane ya taru.

Alhaji Ɗanladi (Ngaundare): Ya je shago ya zauna ya karɓi baƙi, zaman gida shi kaɗai yana ƙara wa mutum jin ciwo, ni na gani a kaina. Amma yara su yi ɗinkin. Kuma ba a kan babur zai je ba, ramin hanya ɗaya ya isa ya mayar da shi gado.

Usmanu kine (Garwa): Bayan mako shida, idan likita ya sake ganinsa ya sallame shi, ya fara da yanka a teburi mai tsayi daidai cibiya. Keke daga baya, rabin awa ya tashi ya zaga, kujera mai jingina ba benci ba. Idan keken na ƙafa ne ku sa masa injin lantarki. Babur ya ƙara jira, ya tambayi likitan musamman. Ki neme ni idan ya iso, in zo gida in nuna masa motsin farko, in kuma duba tsayin gadon da na kujerar bayin.

Sa'adatu (Garwa): Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yaya Abba, don Allah turo mini hoton kujerar Inna da awonta, gobe in sha Allahu zan kai wa kafinta.

Abba (Njamena): Zan auna in turo miki bayan isha'i. Ki ce masa ya sa roba a ƙafafunta huɗu.