Gabar waɗanda ba sa mutuwa a cikin gajeren labari

Tambaya: Ina rubuta gajeren labari kan halittu biyu marasa mutuwa da suka ɓuya cikin babban birni, suna gaba da juna tun ƙarnoni. Tunda babu mai iya kashe wani, me zai tayar da hankalin mai karatu?

Amsa ta farko: Malam, ka ɗora asarar kan mutanen da suka shaƙu da su, domin waɗannan suna tsufa suna mutuwa, kuma abokin gaba ya san hakan sarai.

Amsa ta biyu: A ganina tonon asiri ya fi ciwo. A birnin da kyamarori da katin shaida suka game ko'ina, fuskar da ba ta tsufa makami ce a hannun maƙiyi.

Amsa ta uku: Kada ka zayyano tarihin gabar duka, dare ɗaya ya ishi labarin.