Musayar waƙa: sa rai ko yanke ƙauna

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum jama'a, sati uku ke nan Hajiyata na kwance, hawan jini ya shanye mata ɓarin dama, duk wanda ya zo dubiya sai ya ce za ta tashi za ta tashi, ni wallahi na gaji da jin kalmar nan. Mai amsa ya amsa min.

Kun ce in sa rai, a ina zan sa shi?
Hannun da ke dama koko ya ƙi tashi,
Cokalin ma ni nake ɗaga mata shi,
Sidin da na tara ya ƙare, saura bashi.

Almajirin Alabar:
Ƙanena Allah Ya ba Hajiya lafiya, ba kai ka fara ganin duniya baƙa ba. Abul Ala'il Ma'arri, makahon mawaƙin Sham da ya rasu 1057, ya kulle kansa a gida shekara arba'in da wani abu, ko aure bai yi ba don kar ya jawo wani cikin wahalar nan, amma duba abin da ya yi a zaman nasa

Makahon Sham ya ce duniya wahala,
Ya rufe ƙofa, idonsa ba fitila,
Amma bai taɓa korar mai mas'ala,
Baitukan da ya bari dubbai ne a jimla.

'Yar Tek:
Malam ni ina bayan Yaya a abu ɗaya, masu cewa komai daidai ne suna ƙara wa mutum ciwo. Mun karanta Leibniz, masanin falsafa na Jamus, a 1710 ya ce wannan duniyar ita ce mafi kyau da za a iya halitta, sai a 1755 girgizar ƙasa ta rushe birnin Lisbon na Portugal, dubban mutane suka mutu, marubuci Voltaire na Faransa ya ce to masu cewa komai daidai ne su je su kalli gawarwakin.

Kar ka ce wa mai kuka komai lafiya,
Bakinka ne ya huta, shi yana shan wuya,
In ba ka da magani, zauna ka taya,
Shirun mai ƙauna ya fi daɗin bakin ƙarya.

Anti Nas Asawase:
Ɗana saurara, ni aikina ke nan shekara da shekaru. Ba zan ce ma za ta koma kamar da ba, Allah kaɗai Ya sani, amma wata uku zuwa shida na farko su ne lokacin da jiki ya fi dawowa, kuma abin da na gani da idona mai sa rai shi ke shan ƙwayarsa kullum ya je gashi, wanda ya yanke ƙauna sai ya tura maganin ƙarƙashin filo, jinin ya sake hawa, ka ga ta nan sa rai ke shiga lafiyar mutum.

Sa rai ba zama ba ne a ce Allah Ya kawo,
Ka ɗaure raƙumi, sannan tawakkali ya biyo,
Rage mata gishiri da magi a miyar tuwo,
Murza yatsun nan kullum, a hankali ban da ciwo,
Ƙwaya da safe, kar ka bari sai jiri ya zo.

Ɗan Aboabo:
Anti na gode, na karanta sau uku. Malam, 'yar'uwa, Allah Ya saka. Har yanzu tsoro bai sake ni ba, ba zan ɓoye ba, amma ɗazu bayan magariba na sa mata carbi a hannun, na murza kamar yadda kika ce

Na sa carbi a tafin da ya yi sanyi,
Babban yatsa ya ɗan ja, kamar mai jin nauyi,
Ƙwaya ɗaya ta wuce, ban san me zan yi,
Na juya bango don kar ta ga kukan da na yi.

Anti Nas Asawase:
Alhamdulillahi. Gobe in na tashi aiki zan biyo da abin awon jini, ka ajiye min katin inshorarta da duk kwalayen maganin in gani, kuma kai ma sai na auna ka.