Janwe ko ƙugiya? Neman sunan taragon da ke ɗaga jirgin da ya faɗi

1/ Jama'a, ina cikin fassara wani rubutu kan tarihin jiragen ƙasa masu aiki da lantarki sai na ci karo da "wrecking crane car". Nan alƙalami ya tsaya, sai na tambaye ku sunan da ya dace da shi a Hausa. Bari in fara faɗin ko mene ne, gardamar suna ta biyo baya.

2/ Tarago ne da aka kafa wa inji mai dogon hannu da igiyar ƙarfe. In jirgi ya goce daga dogo ko ya kife, shi ake turawa ya ɗaga taragun, ya mayar da mai moruwa kan layi, ya kawar da wanda ya lalace. Na da can galibi da tururi suke aiki, ga tukunya ga kwal ga hayaƙi.

3/ Hayaƙin nan ne ya zama matsala a New York. A Janairun 1902 jirgi ya afka wa wani ta baya a cikin ramin jirgi da ke ƙarƙashin titin Park Avenue, aƙalla mutum 15 suka mutu, don hayaƙi da tururi sun rufe wa direba alamun hanya. Aka yi doka cewa daga 1908 jirgin tururi ba zai ƙara shiga tashar Grand Central ba. To jiragen sun koma lantarki, amma in ɗaya ya faɗi a cikin rami wa zai ɗaga shi? Sai a 1914 kamfanin Industrial Works na Bay City a jihar Michigan ya ƙera musu na lantarki, mai hannu biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, saboda rami ba shi da filin da inji zai juya. Yana nan ajiye a gidan tarihin reluwe na Danbury, jihar Connecticut. Shi nake nema wa suna.

4/ Wani ƙanena ya fara da "taragon rusau". Haba ƙanena, rusau ai na masu rushe gini ne. Kalmar Turancin nan "wrecking" ce ta yaudare ka. Haɗari take nufi a nan. Wannan gyara ya zo yi.

5/ Wata 'yar'uwa kuma ta ce tunda Bature daga sunan tsuntsu ya samo kalmar "crane", mu ce "gauraka". Na yi dariya, kuma wallahi dogon wuyan ya yi kama. Sai dai ka ce wa mutum an turo gauraka ta ɗaga jirgi ka ga irin kallon da zai yi maka.

6/ Mafi yawanku "janwe" kuka ce, kuma kuna da hujja. Kowane direba da makaniki ya san janwe, ya san ba ta zuwa sai an shiga uku. "Janwen jirgi" ba ya buƙatar bayani. Abin da ya hana ni karɓa shi ne aikin janwe ja ne, ta ɗaure mota ta tafi da ita gareji. Wannan kuwa tsayawa yake wuri ɗaya, a kafe shi da katakai don kada nauyi ya rinjaye shi, ya ɗaga tarago sama ya dire.

7/ Sai wani dattijo ya rubuto: "Ɗana, in guga ya faɗa rijiya me ake aro a maƙwabta?" Ƙugiya, Baba. Na tuna yadda muke zura ta muna lalube, mu ji ta kama, mu ja a hankali kada gugan ya suɓuce. Aikin ke nan, girma ne kawai ya bambanta. Ashe ma'aikatan reluwe na Amurka ma laƙabin da suka sa wa injin, ma'anarsa "babbar ƙugiya".

8/ Wani malami ya ce a ƙara "ceto", a ce taragon ƙugiyar ceto. Allah ya gafarta Malam, ya yi tsawo, kuma ceto ya fi tafiya da mutane.

9/ Don haka a fassarar na rubuta "taragon ƙugiya na lantarki". A ambaton farko na ƙara da cewa shi ne janwen jirgin ƙasa, don masu janwe kada su yi fushi.