Ina so na koma aski da aska, waɗanda suka taɓa yi ku ba ni shawara

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Ni dai reza mai baki uku ta gama da wuyana, duk askin da na yi bayan kwana biyu sai ƙuraje su feso a ƙarƙashin haɓa, gashina mai murɗewa ne. Wani ya ce na koma aska. Saura kwana 12 ɗaurin aurena kuma ban taɓa riƙe ta ba, gemun ba zan taɓa shi ba, wuya da kumatu kawai. Na koya yanzu ko na bari sai bayan biki? Kuma wacce zan saya, ta ƙarfe da ake wasawa ko mai saka reza?

Mai Shayi: Allah ya sanya alheri ango. Ka bar gemunka kawai, sunna ce.

Jikan Wanzamai: Ango aska ba ta son busasshen gashi kuma ba ta son gaggawa. Ka yi bayan wanka, ko ka jiƙa tawul da ruwan ɗumi ka ɗora kamar minti 3, ka shafa sabulu ya yi kumfa sosai. Kada ka tsayar da ita a kan fata, kwantar da ita za ka yi, ka ja fatar da ɗayan hannun ka bi inda gashin ya kwanta kaɗan kaɗan ba dannawa, kuma ko da wasa kada ka ja ta gefe, nan ne take tsagawa. Ta ƙarfe sai ka iya wasa ta a dutse da gogawa a fata, ni sai da na shekara ina ɗaukar wa kakana zabira kafin ya bar ni na taɓa kan mutum. Ka fara da mai reza. In ka gama ruwan sanyi, ka goga alif.

Baban Yara: Ni ko sunan aska ba na son ji. Yayana shekara da shekaru a bakin kasuwa ake masa aski, aska ɗaya mutum goma, a goge da tsumma a kira na gaba. Sai da ya je ba da jini aka ce yana da ciwon hanta, yanzu duk wata kuɗin magani, har matarsa da yara sai da aka yi wa gwaji, ranar ban yi barci ba wallahi.

Jikan Wanzamai: Allah ya ba shi lafiya, amma yaya wa ya tabbatar maka daga aska ne? Komai sai a ce wanzamai.

Ma'aikacin Jinya: Ba wanda zai rantse, amma ƙwayar ciwon hanta ta hepatitis B tana iya kwana 7 a busasshen jini tana da rai, tsumma ba ya kashe ta. Kowa ya riƙe tasa. Sannan ango, aska tana yanke gashi har gindi, in ka ja fata da ƙarfi gashin ya koma ciki shi ne ƙurajen da kake gudu. Kilifa ta fi maka.

Jikan Wanzamai: Malam fuska nawa ka taɓa askewa?

Ma'aikacin Jinya: Ban aske ba, amma ƙeya nawa na wanke da ta kumbura?

Na Zariya: Mai rezar 1,500 na sayi tawa a Sabon Gari, reza ɗaya ka karya biyu.

Ɗan Maraɗi: Yaushe? Satin nan 4,000 aka ce min kuma roba ce.

Na Zariya: An ga fuskar baƙo ne.

Mai Shayi: Ango aski ya zo gaban goshi kana maganar koyo hhhh, kada amarya ta gan ka da filasta a hoto.

Ɗan Fagge: To na bari kenan ko na gwada a kumatu kawai?

Baban Yara: Kilifar ma da ake yabo, shagon unguwarmu ashana kawai yake kunna mata ya ɗora a kan yaro.

Ɗan Maraɗi: Ku dai bari. Namu in ba wuta kuɗi biyu yake karɓa wai na man janareta, wutar ta dawo ana tsakiyar aski ba ya rage ko sisi.

Na Zariya: Mu nan har kilifarka in ka kawo sai ka biya cikakke, na tambaye shi dalili ya ce hannunsa nake biya. Ku nawa ake karɓa a wajenku?