Hawan jinin mai jego: sai arba'in, ko kafin suna?

Goggo Ladi: Ni dai ban ga dalilin jan Maryam daga Tudun Wada zuwa asibitin Shika ana saura kwana biyu suna ba. Ciki ne ya kawo hawan jinin, ciki kuwa ya sauka, mabiyiya ta fita. A bar yarinya ta yi wankanta, in ta yi arba'in ta koma.

Aminu: Goggo, su suka rubuta a kati, a dawo awo kwana uku bayan sallama.

Goggo Ladi: Su ai kullum a dawo ne. Tara na haifa a ɗaki.

Anti Binta: Allah ya ƙara girma Goggo, nan kam ban bi ki ba. Shekarata nawa ina aiki a ɗakin haihuwa. Jinin mai jego ya fi hawa tsakanin kwana 3 zuwa 6 da sauka, daidai lokacin da gida ya cika da 'yan barka, kowa idonsa na kan jariri. Jijjiga kan kama mace har sati 6 bayan haihuwa, ko da lafiya lau aka sallame ta. In awo ya nuna 140/90, da sauran aiki. In ya kai 160/110, ko tsakar dare ne sai asibiti.

Kawu Garba: Binta, kin manta kuɗin mota da layin kati. Mai kemis na bakin layi yana da na'ura, ya auna ta mana.

Anti Binta: Ya auna kullum a rubuta, na yarda Kawu. Amma ba shi zai ƙara mata nifedipine, maganin hawan jinin, ko ya tsayar ba.

Goggo Ladi: Saura ki ce kunun kanwa ma laifi ne.

Anti Binta: Ke kika faɗa, Goggo. A nan Zariya likitocin Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) suka yi bincike a shekarun 1970 kan ciwon zuciyar masu jego, suka alaƙanta shi da yawan kanwa da kwanciya kan gadon wuta. Kanwa kamar gishiri take, ruwa take tarawa a jiki. A yi mata kunun gyaɗa.

Goggo Ladi: Mu da muka sha ga mu nan.

Aminu: Anti, wai tun asuba kanta ke sarawa, ta ɗauka rashin barci ne. Yanzu kuma ta ce dishi-dishi take gani.

Anti Binta: Aminu, ajiye wayar nan ka nemo mota. Yanzu, ba gobe ba. Ku tafi da katin da magungunanta.

Goggo Ladi: To ku biyo ta nan, ni zan riƙe jaririn. Kanwar dai na riga na jiƙa, Garba ya sha.